Asalin Kalmar "Littafi" a Harsuna Dangin Jamusanci

Masana ilimin harsuna sun tabbatar da cewa Ingilishi da Jamusanci da harsunan Holan, Suwidin, Denmak da Aisilan duk sun tsiro ne daga uwa ɗaya. Daga cikin kalmomin da ke nuna wannan dangantaka akwai wadda suke kiran littafi da ita: book a Ingilishi, Buch a Jamusanci, boek a Holan, bok a Suwidin, bog a Denmak, da bók a Aisilan.

Tsohuwar shaida a kan kalmar tana cikin harshen Gotik, wanda Bishop Wulfila ya fassara Baibul da shi a ƙarni na 4. A can boka na nufin harafi guda, jam'inta kuwa, bokos, na nufin rubutu ko littafi. A tsohon Ingilishi boc ta ƙunshi har da takardar shaidar mallakar ƙasa. Ke nan ma'anar ta shafi duk abin da aka rubuta, kafin ta tsaya ga littafi.

Yawancin masana suna danganta kalmar da wata bishiyar Turai mai santsin ɓawo, wadda ake kira beech a Ingilishi, Buche a Jamusanci. Hujjarsu ita ce mutanen dā kan sassaƙa haruffa a jikin itacenta. A harshen Suwidin har yau bok na nufin littafi da kuma bishiyar. Haka nan harafi a Jamusanci shi ne Buchstabe, wanda ɓangarensa na biyu ke nufin sanda. Sai dai wasu masana ba su gamsu da wannan dangantawa ba.

Wannan batu ya shafi malaman Hausa kai tsaye, domin an daɗe ana koyar da cewa "boko" aro ce daga book. A shekarar 2013 Farfesa Paul Newman ya nuna cewa kalmar Hausa ce ta asali mai ma'anar yaudara ko abin bogi, kamar a "amaryar boko", kuma ƙamus ɗin Bargery na 1934 ya kawo irin waɗannan ma'anoni. Saboda haka ya kamata manhaja ta nusar da ɗalibai cewa kamancin lafazi kaɗai ba ya tabbatar da dangantaka, sai an sami daidaiton sauti mai bin ƙa'ida da kuma shaidar tarihi.