Faɗaɗa Dandalin Ajiye Kaya na Daventry a Tsakiyar Ingila

Dandalin ajiye kaya na Daventry, wanda aka fi sani da DIRFT, yana gundumar Northamptonshire a tsakiyar Ingila, daf da mahaɗa ta 18 a kan babbar hanyar M1. An buɗe shi a shekarar 1997. Abin da ya bambanta shi da sauran wuraren ajiya shi ne layin dogo da ya shiga har cikinsa, reshe daga babban layin da ya haɗa Landan da Sikotilan. Kwantenonin da aka sauke a tashoshin ruwa irin su Felixstowe da Southampton kan iso nan ta jirgin ƙasa ko ta tirela, a zuba kayan a rumbuna, a ware su, sannan a rarraba su zuwa kantuna da gidajen masu saye.

Dalilin zaɓen wurin yana da nasaba da dokar tuƙi. Direban babbar mota a Birtaniya ba ya wuce awa 9 yana tuƙi a rana, sai dai sau biyu a mako da aka yarda ya kai 10, kuma dole ya huta na minti 45 bayan kowace awa huɗu da rabi. Saboda haka kamfani yana neman inda direba zai ɗauki kaya da safe, ya kai, ya dawo kafin lokacinsa ya cika. Yankin da hanyoyin M1 da M6 da M42 suka kewaye, wanda dandalin ke bakinsa, ya biya wannan buƙata, domin daga can ana iya kai wa kusan kashi 90 cikin 100 na mutanen ƙasar cikin awa huɗu. Kusanci da mahaɗa kuma yana rage tafiyar tirela a ƙananan hanyoyi, inda man fetur da lokaci suka fi zurarewa.

An faɗaɗa dandalin har sau biyu. A kashi na biyu ne manyan kantunan Tesco da Sainsbury's suka kafa rumbunansu; Tesco ma ta daɗe tana tura kaya Sikotilan ta jirgin ƙasa daga nan. Kashi na uku, wanda kamfanin Prologis ya jagoranta, ya samu amincewar gwamnati a 2014. An gina shi a wani ɓangare na filin tsohuwar tashar rediyon Rugby, wadda ta fara aiki a 1926 da dogayen turakun da suka kai mita 250. Sabuwar tashar jirgin ƙasa da aka yi tana karɓar jirgi mai tsawon mita 775, kuma a 2023 kamfanin gidan waya na Royal Mail ya buɗe katafariyar cibiyar tantance ƙunshin saƙonni a wurin.

Mazauna ƙauyukan Crick da Kilsby da Lilbourne ne ke ɗanɗana kuɗar wannan bunƙasa. Rumbunan ba sa barci. Da tsakar dare fitilu na haska sama, ƙarar motar da ke ja da baya tana ratsa gidaje, lokacin canjin ma'aikata kuma hanyar A5 kan cika maƙil. Akwai batun ruwa ma: filin da aka shafe da kankare ba ya shan ruwan sama, don haka sai an haƙa tafkunan tara shi kafin a sake shi cikin rafi a hankali. Domin rage ɓarnar, an keɓe wani yanki mai suna Lilbourne Meadows ga tsuntsaye da sauran namun dawa.

Aikin yi ya samu ga dubban mutane, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne, ko da yake yawancinsa aikin karɓa-karɓa ne mai gajiyarwa, kuma na'urori na ƙara karɓe shi. Hujjar da ta fi ƙarfi wajen cinye fili mai yawa haka ita ce layin dogo, tunda jirgi ɗaya yana ɗauke lodin tireloli da dama daga kan titi. Sai dai ba kowane rumbu a dandalin ke amfani da jirgin ba. Wasu kamfanonin mahaɗar ce kawai ta jawo su. Shi ya sa masu nazarin sufuri ke auna irin wannan faɗaɗawa da yawan jiragen da ke shiga da fita kowace rana.