Jin Ta Bakin Juna Tsakanin Mai Neman Tallafi da Mai Bayarwa

Gabatarwa

Kusan kowane fasto da ya daɗe a bakin aiki ya taɓa sa hannu a takardar neman tallafi: ta haƙa rijiyar burtsatse, ta gyaran ɗakin shan magani, ta kuɗin makarantar marayu, ko ta abincin waɗanda rikici ya raba da gidajensu. Mun kuma san abin da yakan biyo baya. Wani lokaci a yi wata da watanni shiru. Wani lokaci amsa ta zo a layi biyu: an gode, amma bana babu dama. Ba a faɗi dalili ba, mu ma ba mu tambaya ba. In kuwa kuɗin ya fito, sai mu aika da rahoton da babu komai a ciki sai nasara da hotunan mutane suna murmushi.

A irin wannan hulɗa kuɗi ne kawai ke tafiya, gaskiya tana zaune. Wannan darasi zai duba abin da ke hana ɓangarorin biyu faɗa wa juna gaskiya, da abin da Littafi Mai Tsarki ya nuna mana, da matakan da shugaban ikilisiya zai iya ɗauka.

Me ke kawo shirun?

Tushen matsalar tsoro ne. Mai nema yana tsoron in ya ce aikin bai tafi daidai ba, za a rufe masa ƙofa. Saboda haka in rijiya ta ƙafe bayan wata uku, sai ya ja bakinsa. In mai bayarwa ya ce a koyar da ɗinki, alhali iri da taki mutane ke bukata, sai ya ce to, don kada a ga kamar ya raina kyauta. Kunyarmu ta gida ma tana ƙara nauyi, domin an tarbiyyantar da mu a kan cewa ba a kushe abin da aka ba ka.

Mai bayarwa ma yana da nasa dalilan. Takardu sun yi masa yawa, ma'aikata kaɗan ne, kuma yana gudun gardama in ya faɗi dalilin ƙi. Shi ma akwai waɗanda yake ba lissafi, wato ikilisiyoyi da mutanen da suka tara kuɗin, su kuwa labari mai daɗi suke son ji. Sakamakon haka, mai nema yana maimaita kuskure ɗaya a kowace takarda, mai bayarwa kuma yana ta zuba kuɗi a shirin da kowa a ƙauyen ya san ba ya aiki. Gwauruwa da maraya su ne ke biyan hasarar.

Abin da muka gani a Sabon Alkawari

Ikilisiyar farko ta san wannan matsala. A Ayyukan Manzanni 6:1-7, masu bi da ke jin Helenanci sun yi gunaguni cewa ana tsallake gwaurayensu a rabon abinci na yau da kullum. Manzanni ba su ɗauki ƙorafin a matsayin butulci ba. Sun tara jama'a, suka sa a zaɓi mutum bakwai su riƙe aikin. Dukan bakwai ɗin sunayen Helenanci gare su, abin da ya sa masana da yawa ke ganin an danƙa aikin ne a hannun ɓangaren da ya yi kukan.

Gudummawar da Bulus ya tara wa matalautan Urushalima ita ma tana da darasi. A 1 Korintiyawa 16:1-4 ya bar wa masu bayarwa su zaɓi waɗanda za su kai kuɗin. A 2 Korintiyawa 8:16-24 ya bayyana cewa wani ɗan'uwa da ikilisiyoyi suka zaɓa zai raka kyautar, don kada a sami abin zargi. Manzo ne, amma bai ce a yarda da shi kawai ba. A sura ɗin kuma ya nuna cewa manufar ita ce daidaito: mai yalwa yau yana iya zama mai bukata gobe. Sa'an nan a Romawa 15:30-31 ya roƙi a yi addu'a domin tsarkakan Urushalima su karɓi hidimar. Mai kai kyauta ne ke damuwa da yadda masu karɓa za su ji da ita.

Ta ɓangaren mai karɓa kuwa, a duba Filibiyawa. A 4:10-19 Bulus ya tabbatar cewa abin da aka aiko ta hannun Abafaroditas ya iso, ya kuma ambaci cewa an ɗau lokaci kafin su sami zarafin taimaka masa. A 2:25-30 ya shaida musu cewa ɗan saƙonsu ya yi ciwo har ya kusa mutuwa. Godiya da labari mara daɗi suna cikin wasiƙa ɗaya, kuma zumunci bai lalace ba.

Abin da ƙungiyoyin agaji suka koya

Masu aikin agaji a duniya sun gane cewa roƙon mutane su faɗi gaskiya bai isa ba, sai an shimfiɗa hanyar da za su faɗa ba tare da sun cutu ba. A Amurka akwai wata cibiya mai suna Center for Effective Philanthropy. Gidauniya takan ɗauke ta ta tambayi ƙungiyoyin da take tallafa wa yadda suka ga hulɗarsu da ita. Cibiyar ce ke karɓar amsoshin, ta ɓoye sunayen masu amsa, ta kuma kwatanta sakamakon da na sauran gidauniyoyi. Da yake ba za a gane wanda ya yi magana ba, ana jin abin da ba a faɗa ido da ido.

A shekarar 2014 aka fito da ƙa'idar aikin jinƙai da ake kira Core Humanitarian Standard, mai alkawura tara. Na biyar ya shafi ba mutanen da ake taimako damar kai ƙorafi cikin aminci, a kuma duba shi. A 2016, a taron jinƙai na duniya a Istanbul, manyan masu bayarwa da ƙungiyoyin agaji suka ƙulla yarjejeniyar Grand Bargain. Cikin abin da suka amince akwai sauƙaƙa rubuta rahoto, da kai kashi 25 cikin 100 na kuɗin agaji ga ƙungiyoyin cikin gida nan da 2020. Ba a cika wannan adadi a kan lokaci ba. Duk da haka, fasto ya sani cewa neman bayani daga mai bayarwa ba rashin kunya ba ne, abu ne da su kansu suka ce ya dace.

Daɗewar zumunci ma tana da amfani. Lokacin da Boko Haram ta mamaye hedkwatar EYN da ke Kwarhi a watan Oktoba na 2014, ikilisiyar Church of the Brethren ta Amurka ta tara gudummawa ta musamman. Dangantakar ɓangarorin biyu ta faro ne tun 1923 a Garkida. Wanda kuka san juna tun kafin bala'i ya fi sauƙin faɗa wa abin da ake bukata.

Matakai ga mai nema

Na farko, kafin a rubuta takarda, a tambayi mai bayarwa irin aikin da yake tallafa wa da wanda ba ya taɓawa. Da yawa ba sa ba da kuɗin gina majami'a ko albashi.

Na biyu, in an ƙi, a rubuta gajeriyar wasiƙar godiya, a yi tambaya biyu kawai: me ya fi rauni a takardarmu, kuma za mu iya sake nema? Kada a yi musu da amsar. A karanta ta a gaban kwamiti, a adana ta domin wanda zai gaje mu.

Na uku, mugun labari ya riga rahoto isa. In farashin siminti ya tashi har kuɗin ba zai kai ba, a sanar a makon, a nemi izini a rubuce kafin a juya ko naira ɗaya zuwa wani aiki. Juya kuɗi da kyakkyawar niyya ba tare da izini ba ya ɓata sunan bayin Allah da dama.

Na huɗu, kowane rahoto ya ƙunshi abin da ya yi kyau, da abin da bai yi ba, da abin da za a canja. A sa muryar waɗanda aka yi aikin dominsu, gama mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Kada fasto shi kaɗai ya rubuta. Ma'aji da wakiliyar zumuntar mata su gani kafin a aika.

Na biyar, a faɗa wa mai bayarwa, cikin ladabi, abin da ke wahalar da mu a tsarinsa. Kuɗin taki da ya iso bayan damina ta yi nisa bai amfani manomi ba, kuma wanda ke zaune a Turai ba zai sani ba sai an gaya masa.

Mu ma masu bayarwa ne

Fasto yana roƙo a sama, ana kuma roƙonsa a ƙasa. Ƙaramar ikilisiyar ƙauye tana rubuto wa gunduma neman kwanon rufi. Ɗalibi yana neman kuɗin makaranta. Gwauruwa tana jiran amsar kwamitin jinƙai. Sau nawa muka ce musu ana dubawa, alhali mun riga mun yanke ba za mu bayar ba? Abin da ke mana ciwo a hannun masu tallafi shi muke yi wa namu.

Gyaran ba shi da tsada. A sanar da ranar da za a ba da amsa, a kuma cika. In an ƙi, a faɗi dalili. A naɗa dattijo ko dattijuwa da ba ta cikin masu rabo, wadda za a iya kai wa kuka a asirce. Sau ɗaya a shekara a faɗa wa jama'a ƙorafin da aka ji da abin da aka gyara, ba tare da kiran suna ba. Ikilisiyar da ta saba jin gaskiya daga matalautanta ba za ta sha wuyar faɗin gaskiya ga masu tallafa mata ba.

Tambayoyi domin tattaunawa

1. Wane abu ne ikilisiyarku ta taɓa ɓoye wa mai tallafi, kuma me ya sa?
2. Bisa ga Ayyukan Manzanni 6, yaya za a bambanta ƙorafi na gaskiya da gunaguni mai raba kan jama'a?
3. In gwauruwa a ikilisiyarku ta ga an tsallake ta a rabo, wa za ta gaya wa, kuma me zai faru bayan ta faɗa?