Kafin Ka Bi Wani Cikin Rijiya

A daren 21 ga Agusta, 1986, mutanen ƙauyukan Nyos da Cha da Subum a arewa maso yammacin Kamaru suka shiga ɗakunansu lafiya lau. Kafin gari ya waye kimanin mutum 1,700 sun riga mu gidan gaskiya, ga shanu fiye da 3,000 zube a makiyaya. Ba gobara, ba yaƙi, gidaje na tsaye yadda aka bar su. Wasu suka ce bam aka gwada, wasu suka ce mutanen ruwa ne suka yi fushi.

Da masana suka bi diddigi, sai aka gano tafkin Nyos a bakin tsohon dutse mai aman wuta yake zaune, kuma iskar kabon dayoksaid ta daɗe tana taruwa a ƙasansa. A daren nan ta ɓalle gaba ɗaya. Da yake ta fi iskar da muke shaƙa nauyi, ba ta yi sama ba, sai ta gangara kwari kamar ruwan ambaliya har wajen kilomita 25, tana shaƙe duk mai numfashi. A 1984 ma wani tafki mai suna Monoun ya yi irin wannan, ya ci mutum 37. Sai a 2001 aka fara kafa bututun da ke zuƙe iskar tafkin Nyos a hankali.

Ba mu da tafkin Nyos a Dutse ko Kiyawa ko Jahun, amma muna da tsofaffin rijiyoyi da masai. Labarin kusan ɗaya ne duk inda ka ji shi: guga ko akuya ta faɗa, yaro ya shiga ciro ta, aka ji shiru. Yayansa ya bi shi, shi ma shiru. Maƙwabci ya bi. Daga nan sai a ce rijiyar tana da aljanu. Alhali ruɓaɓɓen ganye da laka ne suka cinye iska mai kyau, mai nauyin ta kwanta a ƙasa, ba launi, ba wari. Shaƙa kaɗan mutum zai yi ya sume, ko ihu ba zai samu yi ba. Abin takaici, masu zuciyar taimako su ne ke ƙara yawan gawa.

Tururin fetur ma haka yake bin ƙasa, ya cika kwata da kwalbati. A daren 15 ga Oktoba, 2024, tankar mai da ta taso daga Kano ta kife a Majiya, ƙaramar hukumar Taura. Jama'a suka fito da bokitai da jarkoki, wuta ta tashi, fiye da mutum 150 suka rasu. In dai kana jin warin man, kana cikin haɗarin, ko ba ka taɓa tankar ba.

Tsofaffin masu haƙar rijiya sun san dabarar gane muguwar iska tun da daɗewa: a zura fitila mai wuta da igiya, in ta mutu kafin ta kai ruwa, kada kowa ya sauka. A buɗe bakin rijiyar ta sha iska, a riƙa zura reshe mai ganye ana jawowa, sannan a sake gwadawa. Amma kada a kai wuta bakin masai, iskarsa tana kamawa. Kada kuma a sauke injin jan ruwa cikin rijiya lokacin yasa, domin hayaƙinsa kisa yake, fitila kuma ba ta nuna shi. Mai sauka ya ɗaura igiya a ƙirji, ƙarfafa biyu na riƙe da ita a sama. In wani ya riga ya sume a ciki, a kira 'yan kwana-kwana, a kuma riƙe ɗan'uwansa da ƙarfi, domin shi ne zai fara yunƙurin faɗawa.