Me Ke Sa Miji Da Mata Son Haihuwa?

Jama'a, haihuwa kyauta ce daga Allah. Amma idan muka duba gidajenmu, za mu ga wani magidanci burinsa 'ya'ya goma ko fiye, wani kuwa huɗu sun ishe shi. Me ke kawo wannan bambanci?

Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ta yi bincike a shekarar 2018. Ta gano cewa a Nijeriya mace takan haifi 'ya'ya 5 a rayuwarta, idan an kwatanta. A Jihar Katsina adadin ya wuce 7, a Legas kuwa bai kai 4 ba. A Jamhuriyar Nijar, binciken 2012 ya nuna mata suna son 'ya'ya kamar 9, maza kuwa fiye da haka. Ga wasu daga cikin dalilan.

Aikin gona da tsufa

A karkara, yaro hannu ne. Shi ne kiwo, shi ne ɗiban ruwa, in ya tasa ya shiga gandu. Manomi ba shi da fansho. Ranar da ƙarfi ya ƙare, 'ya'yansa ne za su ci da shi. A birni kuwa lissafin ya juya. Akwai kuɗin haya, da na makaranta, da na asibiti, ga abinci sai an auno. Shi ya sa binciken ya sami matan karkara da 'ya'ya kusan 6, na birni kuwa tsakanin 4 da 5.

Sai dai yanzu ko a ƙauye gonar gado tana ƙara tsukewa. Gonar da kaka ya noma shi kaɗai, yau jikoki ashirin ke raba ta.

Tsoron mutuwar yara

Wannan babban dalili ne. Iyayen da suka binne yara biyu ko uku ba sa yarda su tsaya. Mun san macen da ake kira mai wabi, mun kuma san sunaye irin su Ajuji da Ayashe, waɗanda ake sa wa yaro don fatan ya tsaya. A 2018, cikin yara 1,000 da aka haifa a Nijeriya, 132 ba su kai shekara biyar ba. Zazzaɓin cizon sauro, da gudawa, da ƙyanda, da ciwon haƙarƙari su ne manyan masu kisa, kuma duk ana iya kare su ko a yi maganinsu. Duk inda yara suka daina mutuwa, iyaye sukan sami natsuwa, su daina haihuwa don tsoro.

Kishi da gado

A gidan mata biyu ko uku, sau da yawa akan shiga gasar haihuwa. Dalili a fili yake. Idan miji ya rasu ya bar 'ya'ya, matansa duka tumunin takaba za su raba, wato kashi ɗaya cikin takwas. Mafi yawan dukiyar tana tafiya ga 'ya'ya. Don haka kowace ɗaki tana son nata su fi yawa. Wata kuma tana ganin yawan 'ya'ya ne zai hana a sake ta. Mijin da ke adalci, yana kwantar wa matansa hankali, shi ke kashe wannan wuta.

Neman namiji ko mace

Sunan Tanko da na Kande sun isa shaida. Tanko shi ne namijin da ya biyo bayan mata, Kande kuwa macen da ta biyo bayan maza. Wasu sukan yi ta haihuwa har sai an sami wanda ake nema. A nan akwai abin lura. Likitoci sun tabbatar cewa ƙwayar da ke zaɓen namiji ko mace daga maniyyin uba take fitowa. Saboda haka zalunci ne a tsangwami mace don ta haifi 'ya'ya mata.

Bakin dangi

Amarya ba ta cika shekara ba, uwar miji ta fara ƙirga watanni. In shiru ya yi yawa, sai a fara kiranta juya. Alhali rashin haihuwa yakan zo daga wajen namiji kamar yadda yakan zo daga wajen mace. Abin da ya dace shi ne su je asibiti tare, a duba su duka biyu.

Ilimi da addini

Binciken 2018 ya nuna matar da ba ta yi makarantar boko ba takan haifi kusan 7. Wadda ta wuce sakandare kuwa tsakanin 3 da 4. Mai ilimi takan kai yaranta rigakafi, tana kuma iya zama da mijinta su yi shawara.

Addini ya kwaɗaitar da haihuwa, gaskiya ne. Ya kuma ɗora wa uba nauyin ci da sha da sutura da tarbiyya, ya ba jariri haƙƙin shan nono har shekara biyu. Tun kaka da kakanni Bahaushe yana ƙyamar kwanika. Ma'aikatan lafiya ma sun ce a bari shekara biyu ta cika bayan haihuwa kafin a ɗauki wani cikin. In ba haka ba sai a yi haihuwar guzuma, ɗa kwance uwa kwance.

To, maigida da uwargida, ku zauna ku tambayi kanku: son 'ya'ya ne ke jan mu, ko tsoro, ko gasa, ko maganar mutane? Ku duba lafiyar uwa da abin da ke cikin rumbu. Mai ciki ta riƙa zuwa awo, a kai yara rigakafi, a kwana cikin gidan sauro. Mai neman bayani kan tazarar haihuwa ya tuntuɓi malamar asibiti mafi kusa.

Allah ya ba mu zuriya mai albarka, amin.