Ko ka sani? Ƙwaron da fiffikensa ke fasa ƙwayar cuta ba tare da guba ba

A gundumar Guilford ta jihar Karolina ta Arewa a Amurka, inda birnin Greensboro yake da ƙaramin garin McLeansville a gabashinsa, akwai wani ƙwaro da ake kira sikada, wanda kukansa ke cika itatuwa idan zafi ya kankama. Iri biyu ake samu a yankin. Akwai wanda ake jin kukansa duk shekara, akwai kuma mai jajayen idanu, wanda ke yin shekara 13 ko 17 a ƙarƙashin ƙasa yana tsotsar ruwan saiwar itace, sai ƙasa ta yi ɗumin kusan digiri 18 sannan ya ɓullo tare da miliyoyin 'yan uwansa. Mako huɗu zuwa shida yake yi a sarari, ya yi barbara, macen ta sa ƙwai a reshe, su mutu. Turawan da suka fara zama a ƙasar sun ɗauka fara ce, amma ba fara ba ne, ko bakin tauna ganye ba shi da shi. Wani ayari na masu shekara 17 ya fito a 2013 daga Karolina ta Arewa har zuwa jihar Connecticut, kuma ba a sa ran ganinsa sai 2030. Abin da ya ja hankalin masana ga wannan ƙwaro a 'yan shekarun nan shi ne fiffikensa, wani siririn abu garai-garai da ake hango haske ta cikinsa, domin ƙwayar cutar da ta sauka a kansa takan fashe ta mutu, alhali babu ko ɗigon guba a jikinsa.

An gano haka ne a birnin Melbourne na Ostireliya. A 2012, Farfesa Elena Ivanova da abokan aikinta a Jami'ar Swinburne suna nazarin fiffiken wata sikada ta ƙasarsu mai suna Psaltoda claripennis. Sun riga sun san ruwa ba ya jiƙa shi, ɗigo yakan dunƙule ya gangare ya tafi da ƙura, saboda haka suka yi zaton bakteriya ma ba za ta sami wurin kamawa ba. Suka zuba masa Pseudomonas aeruginosa, wadda ta yi ƙaurin suna wajen ɓata ƙuna da raunin tiyata a asibitoci. Sai abin ya zo a juye: ƙwayoyin suka manne ƙam, kuma cikin kusan minti uku da mannewar suka fara mutuwa. Na'urar da ke nuna ƙananan abubuwa ta bayyana cewa saman fiffiken ba sumul yake ba, cike yake da wasu 'yan turaku a jere reras, kowane tsawonsa kusan nanomita 200, kaurin gindinsa 100, kansa 60, tazarar da ke tsakaninsu 170. Sai an ɗora kusan 400 daga cikinsu, wani bisa wani, kafin a kai kaurin gashin kai guda. Don a tabbatar ba wani sinadari ne ke ɓoye a fiffiken ba, suka shafe shi da zinariya siririya ƙwarai, wadda ta rufe duk abin da ke samansa amma ta bar turakun yadda suke. Kisan bai tsaya ba. Wannan gwaji na zinariya shi ne tushen maganar gaba ɗaya, domin ya nuna cewa siffar wurin ce ke kisa.

Mutum zai yi tsammanin turakun suna soke ƙwayar ne, amma kawunansu dakusassu ne. Bayanin da aka wallafa a 2013 ya ce miƙewa ce ke halaka ta. A ɗauki ledar fiya wata cike da ruwa, a aza ta a kan wasu gajerun sanduna da aka kafa kusa da juna, sannan a ce akwai wani abu da ke jan ledar tana like wa jikin kowace sanda tana bi ƙasa. Wurin da ke kan sanda ba zai huje ba. Ɓangaren da ke reto tsakanin sanda da sanda shi ne zai yi ta miƙewa yana sirancewa har ya tsage, ruwan ya tsiyaye. Haka bangon bakteriya ke yi, kuma abin da ke jan sa ƙasa shi ne ƙarfin mannewarta ita kanta. Masu binciken sun lura cewa bakteriya masu kaurin bango da tauri ba sa mutuwa a kan wannan fiffike. Da suka gasa irin waɗannan kaɗan da zafin maikurowef har taurinsu ya ragu, sai su ma suka riƙa fashewa.

A nan ne Greensboro ta shigo cikin labarin. A gabashin birnin, ta ɓangaren da ke fuskantar McLeansville, akwai makarantar binciken kimiyyar ƙananan abubuwa da ake kira JSNN, ta haɗin gwiwa tsakanin Jami'ar A&T, wadda aka kafa a 1891 domin ɗalibai baƙar fata, da Jami'ar Karolina ta Arewa ta Greensboro. Farfesa Dennis LaJeunesse da abokan aikinsa a can suka yi tambayar da ta fi wuya: me zai faru idan abin da ya sauka a kan fiffiken ba bakteriya ba ce, halitta ce da ta fi ta girma da kaurin bango? Suka zaɓi yis, wanda masu gidan burodi ke sa wa ƙulli ya kumbura. Yis ya ninka bakteriya girma sau da yawa, bangonsa kuma mai ƙwari ne, har da ɗan sinadarin kaitin a ciki, irin wanda jikin ƙwaro yake da shi. Suka gwada shi a kan fukafukai uku: na sikada mai shekara 17, na sikadar da ke fitowa duk shekara, da na wani mazari. Sakamakon da suka wallafa a 2015 ya nuna yis ma yana fashewa, kuma abu biyu ne ke ƙayyade yawan ɓarnar. Turaku dogaye sirara sun fi gajeru masu faɗi kisa. Sannan cikin nau'o'in yis ɗin, wanda ya fi iya mannewa shi ya fi mutuwa. Daga baya wannan ɗakin bincike ya juya kan Candida albicans, ɗan uwan yis da ke sa farin baki ga jarirai da ƙaiƙayin gaba ga mata, wanda kuma kan shiga jinin marar lafiyar da ya yi rauni.

A ganina wannan batu na mannewa shi ne mafi nauyi a cikin binciken, kuma dalilin yana ga halin da magungunan kashe ƙwayoyin cuta suka shiga. Wani babban nazari da mujallar The Lancet ta buga a 2022 ya ƙiyasta cewa a 2019 mutum miliyan 1.27 suka mutu kai tsaye saboda bakteriyar da ta daina jin magani, kuma Afirka ta Yamma ce ta fi ko'ina yawan mace-macen idan aka auna da yawan jama'a, kusan 27 cikin kowane mutum 100,000. Duk wanda ya san yadda ake sayen kafso biyu ko uku a kemis ba takardar likita, a sha a bari da zarar an ji sauƙi, ba zai yi mamaki ba. Magani sinadari ne da ke neman wani takamaiman wuri a jikin bakteriya, ita kuma tana da hanyoyin zillewa: ta ƙera abin da zai lalata maganin, ta tofar da shi waje, ko ta sauya fasalin wurin da yake kamawa. Tana ma iya miƙa wannan dabara ga wata bakteriyar da ba danginta ba. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ke aiki a kan turke. Hanya mafi kusa da ƙwayar cuta za ta tsira ita ce ta sassauta riƙonta, wannan kuwa shi ne ainihin abin da likita ke nema. A kan robar fitsari ko ƙarfen da aka ɗaure karaya da shi, cuta tana farawa ne da mannewa; ƙwayoyin su taru, su lulluɓe kansu da wani yauƙi da magani ke wahalar ratsawa, har ta kai sai an sake buɗe mutum an cire ƙarfen. Wadda ba ta iya mannewa ba za ta kafa wannan sansani ba.

Kuma an nuna ana iya kwaikwayon siffar. A 2013 ƙungiyar Ivanova ta gwada baƙin silikon, wanda aka sassaƙa wa turaku irin na fiffiken mazari, ya kashe har masu kaurin bango, da saurin da ya kai kusan ƙwaya 450,000 a minti ɗaya a kan kowace murabba'in santimita. A Jami'ar Kaliforniya da ke Irvine an buga irin turakun a jikin roba mai garai-garai da niyyar yin tantanin gaban ido na roba da su.

Mai shakka zai ce an sha jin irin wannan alkawari, kuma bakteriya ba ta taɓa rasa mafita ba. Yana da hujja a hannu, tunda binciken 2013 ma ya nuna masu taurin bango suna tsallakewa. Idan aka cika asibiti da irin wannan shimfiɗa, ai masu taurin ne za su saura su hayayyafa. Ba za a ce wannan ba zai yiwu ba. Amma sauya taurin bango ba ƙaramin aiki ba ne ga bakteriya, domin da bangon take girma, da shi take rabuwa biyu, da shi take shigar da abinci, ba kamar karɓar dabara guda ta lalata magani ba. Kuma baƙin silikon ya nuna cewa idan aka ƙara wa turke tsawo da tsini, taurin ma ba ya ceto. Abin da ya kamata a karɓa daga mai shakka shi ne cewa babu siffa ɗaya da za ta kashe komai. Ita kanta sikadar ba ta tsira da komai ba: akwai wani naman gwari mai suna Massospora da ke cinye bayan cikinta ya maye gurbinsa da farin gari, tana yawo da ranta tana yaɗa shi, fiffiken bai hana ba.

Suka ta biyu ta fi ƙarfi. Masana ba su ma gama yarda da yadda kisan ke faruwa ba. A 2020 masu bincike a Jami'ar Bristol ta Ingila sun ga turakun titaniyam suna lanƙwasa bangon bakteriya, wani lokaci su kutsa ciki, suna hana ta rabuwa suna jefa ta cikin wahala, amma ba su ga fashewar nan da aka siffanta ba. A shekarar dai, wasu a Jami'ar McGill ta Kanada suka nuna cewa a kan turakun da suka gwada, bakteriya na zaune lafiya muddin tana cikin ruwa, sai ruwan ya fara janyewa yana bushewa sannan ƙarfin jansa ya danne ta ta mutu nan take. Idan haka ne, fiffike da ke jiƙa da raɓa ya bushe da hantsi wuri ne da ya dace da wannan kisa, cikin jikin mutum kuwa ba ya bushewa. Ga kuma matsalar gawa. Ƙwayar da ta mutu tana nan kwance a kan turakun, kuma da zarar jini ya taɓa ƙarfe sai furotin ya lulluɓe shi. Abin da tsawonsa bai wuce nanomita 200 ba, binne shi ba wuya. Wannan suka ba ta goge sakamakon ba, domin an ga mutuwar a ɗakunan bincike daban-daban, da kayan aiki daban-daban. Abin da ta yi shi ne rage girman da'awar. Inda dabarar ta fi ƙarfi shi ne sa'o'in farko bayan an sa ƙarfe a jiki, lokacin da 'yan ƙwayoyin da suka shiga tare da shi suke tsere da ƙwayoyin naman mutum wajen kama wuri. Ƙwayoyin jikinmu sun fi bakteriya girma nesa ba kusa ba, kuma suna da laushi, sukan shimfiɗu a kan turakun ba su tsage ba. Idan aka rage abokan hamayyarsu a ranar farko, su ne za su rufe ƙarfen.

Sai tambayar da mai karatu a Kano ko Maraɗi zai yi: ina ruwanmu da silikon da ake sassaƙawa a ɗaki mai tsada, alhali akwai asibitocin da ruwan famfo ma sai an yi da gaske? Gaskiyarsa ne, kuma duk wanda ya zo yana tallar wannan fasaha a matsayin madadin ruwa da sabulu da dafa kayan tiyata, ko ya ce a shafa ta a marfin ƙofa da bencin jira inda hannu da datti za su murje ta cikin mako, to ciniki ya kawo shi. Amma karayar hatsarin mota da babur ba ta da wuyar samu a ƙasashenmu, kuma wanda ƙarfensa ya ruɓe a ƙafa shi ne wanda ba shi da kuɗin tiyata ta biyu ko allurar da ta fi tsada. Gare shi, ƙarfen da ya zo da kariyarsa a jikinsa, wadda ba ta buƙatar firji kuma ba ta ƙarewa kamar magani, ya fi amfani fiye da ga majinyacin Greensboro. Ba kuma dole sai da injin sassaƙa silikon ba. Tun 2014 masu binciken Bristol suka nuna cewa idan aka dafa titaniyam cikin ruwan soda mai ƙuna, irin wadda ake haɗa sabulu da ita, a rufaffen tulu mai matsi, 'yan siraran tsinkaye kan tsiro a samansa da kansu, kuma suna illata bakteriya. Mafi yawan hujjojin har yanzu daga faranti ne a ɗakin gwaji da kuma dabbobi. Ga injiniya kuma akwai sauran aiki mai wuya: likitan ƙashi yana ɗaure kusa a ƙashi da ƙarfi, yana buga ƙarfe da guduma, kuma dole turakun su kai wurin da za su zauna ba tare da sun kakkarye a hanya ba.