Gushewar Bututun Raga a Cikin Jijiyar Jini

Idan jijiyar da ke mai da jini zuciya ta tsuke, musamman ta ƙugu, likitoci sukan zura mata wani ɗan bututun ragar ƙarfe domin ya tokare ta. Wani sa'in kuwa bututun yakan zame daga inda aka dasa shi.

Dalilin hatsarin yana cikin halittar jijiyar kanta. Ita irin wannan jijiya ƙara faɗi take yi yayin da ta doshi ƙirji, saboda haka babu abin da zai tare bututun da ya kuɓuce. Jini zai yi ta tura shi har sashen dama na zuciya, ko ma jijiyar huhu. A nan yana iya rikita bugun zuciya ko ya yaga ƙyauren da ke cikinta.

Galibi gajeren bututu ne, ko wanda ya yi wa jijiyar kaɗan, ke gushewa. A 2021 kamfanin Boston Scientific na Amurka ya janye samfurinsa mai suna Vici saboda rahotannin irin wannan matsala.

Akan ciro shi da zarge ta cikin jijiya. In abin ya faskara, sai a buɗe ƙirji.