Fowil Ba Laya Ba Ce: Faɗakarwa Kan Yawon Tsaunukan Ostireliya

Wasu gajerun bidiyoyi sun cika wayoyin jama'a a Facebook da TikTok. Ayarin abokai ne a ƙasar Ostireliya, kowa da Land Cruiser ɗinsa ko Hilux ko Patrol, sun fita hutun ƙarshen mako suna hawan tsaunuka ta hanyoyin da kallonsu kaɗai ke sa gaban mutum faɗuwa. Kallon ba laifi. Abin da ya ishe ni shi ne maganar da ke biyo baya, wadda nake ji a bakin samari har da dattawa masu furfura: "Ai fowil ce, babu inda ba ta shiga." Wannan magana ta kashe mutane, kuma in ba a daina yaɗa ta ba za ta ƙara kashe wasu.

Fowil dai an san ta, mota ce da injinta ke iya juya tayoyi huɗu maimakon biyu. Ostireliya kuwa faɗinta murabba'in kilomita miliyan 7.7 ne, ta ninka Najeriya sau takwas, amma mutanenta ba su kai miliyan 30 ba, yawancinsu kuma a gaɓar teku suke. Cikin ƙasar daji ne fetal. Mutanen Melbon kan tashi Juma'a da yamma su nufi tsaunukan jihar Biktoriya, su kwana wajen ƙauyen Dargo, washegari su kama hanyar Billy Goat Bluff wadda ke hawa kusan mita 1,200 cikin kilomita 7 kacal, ko ta Blue Rag da ke bin ƙolin tsauni sama da mita 1,700, kwazazzabo dama da hagu. Mutanen Adelaide su kuma arewa suke yi, zuwa tsaunukan Flinders, ƙasar ƙabilar Adnyamathanha, inda kaifin dutse ke tsarge taya.

Mutanen nan ba baƙin motar ba ne. Tun 1958 ɗan kwangila Leslie Thiess ya shigo da Land Cruiser don aikin madatsun ruwa na tsaunukan Snowy. To su da suka fi shekara sittin suna fama da ita, me suke yi? Kowace shekara hukumar kula da dazukan Biktoriya tana rufe yawancin hanyoyin kan tsauni daga watan Yuni har wajen farkon Nuwamba, lokacin sanyi da ƙanƙara da taɓo. Hamadar Simpson mai tuddan yashi fiye da 1,100 ita ma ana rufe ta daga 1 ga Disamba zuwa 15 ga Maris saboda zafi. Da a ce motar tana shiga ko'ina, me za a yi da ƙofa da kwaɗo a bakin hanya?

Mu leƙa ƙarƙashin motar. Tsakanin tayar dama da ta hagu akwai wani akwatin haƙora da ke raba ƙarfin inji, domin in ana shan kwana tayar waje ta fi ta ciki gudu. A kan kwalta wannan alheri ne. A kan dutse kuwa halinsa halin ruwan ban-ruwa ne a fadama, inda ya sami sauƙi can yake kwarara. Da zarar taya guda ta ɗaga sama ko ta hau santsi, ita ce za ta yi ta juyawa a banza, 'yar'uwarta da ke riƙe da ƙasa ta tsaya cak. In aka yi rashin sa'a tayar gaba ta dama da ta baya ta hagu suka ɗaga tare, wanda kullum yana faruwa a hanya mai zaizaya, motar da ake taƙama da ita ba za ta motsa ko taku ɗaya ba, sai ƙara da hayaƙi. Shi ya sa masu abin suke ƙara makullin da ke ɗaure tayoyin biyu su juya tare. Wasu sabbin motoci kuma kwamfuta ce ke taka wa tayar da ke wofi birki. Duk da haka, mai tayoyin kwalta da suka sha jiki ba abin da makulli zai tsinana masa a kan taɓo.

Sannan ga abin da ake mantawa da shi gaba ɗaya, wato tsayawa. Fowil tana taimakon mota ta tashi, ta hau. Ba ta ƙara mata birki ko kaɗan, domin kowace mota, har 'yar ƙaramar tasi, a tayoyi huɗu take taka birki. Bambancin kawai, ita wannan nauyinta ya haura tan biyu tun ba a ɗora mata komai ba. Yawancin tashin hankalin hanyar tsauni a gangara yake. Direban da bai sani ba yana ganin gangara sai ya danne birki, tayoyi su kulle, sitiyari ya daina jin magana, bayan mota ya fara neman wuce gabanta. Wani kuma tsoro ya sa ya taka kuloci, ya raba inji da tayoyi, motar ta sulale ba mai riƙe ta. Ƙa'idar ita ce tun kafin a kai bakin gangarar a tsaya a sa ƙaramin giyar fowil, wanda ke rage gudu kusan ninki biyu da rabi, a sa lamba ɗaya, a ɗauke ƙafa daga kuloci, a bar inji ya riƙe motar tana sauka a hankali. In kuma hawa ake yi motar ta gaza a tsakiya, kuskure mafi muni shi ne ƙoƙarin juya ta. Da ta ba tsauni gefe sai ta kife. Ribas ake sawa a sauko a miƙe, ta inda aka hau.

Kifewar nan ma akwai dalilinta. Mota ce doguwa, nauyinta yana sama, ga shi kuma jama'a ba sa tausayinta. A ɗora jarkokin mai da ruwa da safaya taya da tanti a kan rufi, a ƙara ƙarfen kare gaba da injin jan waya da firji, abokai biyar su shiga, kowa da jakarsa. Kowace mota akwai iyakar lodin da kamfani ya rubuta mata a jikin ƙofa ko a littafinta, kuma rufi yana da tasa iyakar daban, wadda ba ta da yawa. Wa ke karantawa? Sai an karkata a kan dutse sannan lodin saman ya nuna halinsa.

Ruwa kuwa ya fi duka yaudara. A 2016 masu bincike a Jami'ar New South Wales da ke Sidni sun gwada motoci na gaske a cikin tafkin gwaji. Ƙaramar mota ruwa mai gudu mai zurfin santimita 15 ya isa ya ture ta. Nissan Patrol mai tan biyu da rabi ta fara rasa gindin zama a santimita 45, da ruwa ya kai 95 kuwa sai ta tashi tana yawo, har mutum zai iya tura ta da hannu. Santimita 45 fa gwiwar babban mutum ce. Bututun shaƙar iska da ake ɗagawa gefen gilashi yana hana inji shan ruwa ne kawai, ba ya hana ruwa tafiya da motar. Injin dizal kuwa in ya shaƙi ruwa, sandunan cikinsa ne ke lanƙwashewa nan take, kuma ba bakaniken da zai gyara maka shi a bakin ƙorama.

Wanda har yanzu bai gamsu ba, ga abin da ya faru a watan Disamba na 1998. Wani saurayi da budurwarsa daga ƙasar Ostiriya ta Turai suka ɗauki hayar fowil suka shiga Halligan Bay a bakin tafkin Eyre, kimanin kilomita 60 daga ƙauyen William Creek. Motar ta kafe a yashi. Suka kama tafiya a ƙasa, shi ya kasa ya koma wajen mota inda akwai ruwa da inuwa, ita ta ci gaba. A kan hanya aka tsinci gawarta, shi kuma aka same shi da rai. Da ɗan sanda ya iso, iskar tayoyi ya rage, ya ɗan haƙa yashi, cikin 'yan mintuna ya fitar da motar. Lafiyar motar ƙalau. Abin da ya yi ƙaranci shi ne sanin yadda ake bi da ita. A yankin nan ne, a garin Oodnadatta, aka taɓa auna zafin da ya kai digiri 50.7 a watan Janairun 1960.

Mu ma ba sai an ba mu labarin dajin da ba ruwa ba. A watan Oktoban 2013 an tsinci gawawwakin mutum 92, yawancinsu mata da yara, a hamadar arewacin Arlit ta Nijar bayan motocinsu sun lalace. Su talauci ne ya fitar da su, Allah Ya jiƙansu. Abin takaicin shi ne mai wadata, wanda ba abin da ya kore shi daga gida sai nishaɗi, ya jefa kansa da 'ya'yan mutane cikin irin wannan hali don a ce masa gwani. Wannan ba jarumta ba ce, ganganci ne, kuma ran da ke cikin motarka amana ne da za a tambaye ka.

Akwai sauran dalilan haɗari, irin su barasa da gajiya da dabbar kangaru da ke faɗowa hanya da magariba. Waɗannan kowa ya san maganinsu.

To ɗan'uwa, in karatu ko aiki ya kai ka can abokai suka ce a fita, ko kuwa a nan gida kake da irin motar, fara da taya. Iskar 35 ko 40 da mai faci ke sa maka ta kwalta ce. A kan dutse da tsakuwa ana saukar da ita wajen 25 zuwa 28, a yashi kuma 16 zuwa 20, domin tayar ta baje ta kama ƙasa. Amma wanda ya rage iska dole ya rage gudu, ya daina fizgar sitiyari, in ba haka ba tayar ta zame daga ƙarfenta. Ka riƙe gejin iska da famfon da ke aiki da batirin mota, da an dawo kwalta a mayar da iskar, a kuma cire fowil in irin ta sawa da cirewa ce, don tafiya da ita a kan kwalta tana cin haƙoran ciki. Shebur mai dogon ƙota, da jak, da faifan katako da zai zauna a kai, waɗannan sun fi duk wani adon fitila amfani.

Kada a fita da mota guda. Masu ƙungiyoyin wannan yawo suna da tsari mai kyau: kowane direba shi ke da alhakin motar da ke bayansa, ba ya barin mararraba sai ya ga ta iso. A hawa ko gangara mai tsanani mota ɗaya ke shiga, sai ta fita ta sanar ta rediyon oba-oba sannan ta biyu ta taso. Tasha ta 10 aka fi amfani da ita a irin wannan tafiya, ta 5 da ta 35 kuwa an keɓe su don neman agaji, ba a hira a kansu. Duk inda ido bai gamsu ba, a sauka a taka da ƙafa a duba. Mashigin ruwan da ba za ka iya ratsawa da ƙafarka ba, kada ka sa mota. Juyawa a koma ba abin kunya ba ne, da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Wurin fitar da motar da ta kafe nan ne ake yin ɓarnar da ba a zata ba. Akwai wata igiya mai talewa da ake fizgar mota da ita. Wasu don sauri sai su rataya ta a dunƙulen ƙarfen jan tirela da ke bayan mota. Ba a ƙera ƙarfen nan don fizga ba. Yakan karye ya taso da ƙarfin tsiya ya fasa gilashi, kuma ya kashe mutane a Ostireliya ba sau ɗaya ba. A ɗaura igiya a maƙalar da aka ƙera don wannan aiki, a ɗora bargo mai nauyi a tsakiyarta, 'yan kallo da masu ɗaukar bidiyo su ja can nesa. Su ma suna cikin haɗari, don kowa yana son ya matso ya samu hoto mai kyau.

Ruwan sha a ɗauki aƙalla lita 5 ga kowane mutum a rana, a ninka in lokacin zafi ne, a ƙara na kwana biyu ko uku da ba a yi niyya ba, a kuma raba shi a jarkoki da yawa don kada huda guda ta zubar da duka. A duba ƙarƙashin mota a cire busasshiyar ciyawar da ke maƙalewa a salansa, ita ke tayar da gobara. Ranar da hukuma ta hana kunna wuta a daji, ko ta dafa shayi da itace ba a yi. Ƙofar shingen makiyaya da aka ci karo da ita a hanya a bar ta yadda aka same ta. Wasu filayen 'yan asalin ƙasar sai da takardar izini ake shiga, a nema tun daga gida.

Kafin a tashi a gaya wa wani mai hankali hanyar da za a bi da ranar dawowa, da lokacin da zai kira 'yan sanda in bai ji ku ba. In mota ta mutu, a zauna wurinta. Ita ce inuwa, ita ce ruwa, ita kuma jirgin masu nema zai hango daga sama. Kada a dogara da wayar hannu, mafi yawan faɗin ƙasar babu sabis, lambar gaggawa ta 000 ma ba ta shiga inda babu shi. A yi hayar wayar tauraron ɗan'adam, ko a sayi 'yar na'urar kiran ceto da ke aika saƙo ta tauraro, a yi mata rajista da hukumar kiyaye haɗurran teku ta ƙasar, wadda ita ke karɓar saƙon. Rajistar kyauta ce.